Sodangi da Cokalin Bature

Sunan tafkin ya kuɓuce mini, shekarar ma haka. Na san dai zamanin Turawa ne, kuma tafkin yana tsakanin Isa da Turba. Wani lokaci sai in ga kamar akwai giginya a bakinsa, wani lokaci kuma in ga giginyar ta wani tafki ce can wajen Gatawa, inda na taɓa kwanciya zazzaɓi. Mutum in ya yi yawo da yawa, garuruwa sukan haɗe masa a ka. Amma abin da Sodangi ya faɗa a zauren surukinsa, wannan yana nan daram, kamar jiya.

"Giwan ruwan ga da kuke ta magana," in ji shi, yana buga ƙirji, "da cokali za ni kamo shi. Cokali, na shan miya! Ku da taru da homa ba ku iyawa, ni Sodangi ko ƙahwata ba ta taɓa ruwa."

Bari in gaya muku ko wane ne Sodangi. Dogo ne, siriri, mai maƙogwaro kamar ya haɗiye goruba ta tsaya. Ya taɓa bin wani Baturen safiyo, mai awon ƙasa, rani guda, yana wanke masa kwanoni, har suka kai Yawuri. Daga wannan tafiya ya dawo da abu biyu: tsohuwar hular Baturen, mai kama da akushi a kife, da kuma baki. Noma ya ce aikin wanda bai ga duniya ba ne. Su ya ce wahalar banza ce yadda mutanenmu ke yin sa. Matarsa Saude ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Ran da ta tambaye shi hatsi ya ba ta labarin yadda Bature ke cin ƙwai, sai ta naɗe tabarmarta ta yi yaji, ta koma gidan ubanta Maliki, wanda shi ne Sarkin Ruwan wannan yanki.

Ni a lokacin na sauka garin ina karantar da yara. Sodangi ya zo ya roƙe ni in raka shi biko, don an ce surukin yana jin nauyina. Kuma kada ku yi masa mummunar fahimta, yana son Saude ƙwarai. Tun da ta tafi ya rame, maƙogwaron ya ƙara fitowa.

Muka zauna a zaure, na yi nasihar da na iya. Sarkin Ruwa, tsoho mai sanyin magana, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, ban ƙi taka ba. Jibi za mu buɗe tafki. Shi shiga kamar kowa, shi kawo wa ɗiyata ko tarwaɗa guda da hannunai, in ga alamar shina iya ciyar da ita. Shi ke nan, ta koma ɗakinta."

Da Sodangi ya ce to, da labarin nan bai samu ba. Amma tarwaɗa ta yi masa ƙanƙanta. A shekarar, da gulbi ya cika ya malalo cikin tafkin, ya zo da wani ƙaton giwan ruwa, da ruwa ya janye sai ya bar shi a ciki, ba hanyar komawa. Masunta sun sha ganin bayansa, suna cewa ya kai tsawon mutum. Shi Sodangi ya ɗora wa bakinsa.

Na taka masa ƙafa a ɓoye. Ya janye ƙafar ya ci gaba. "Baba, in ban aje shi gabanka da hannuna ba, na yahe Saude. Malam shaida ne."

"Malam, ka ji?" in ji Sarkin Ruwa.

Na ce na ji, don na ji ɗin.

Daga bayan dangar gida muka ji muryar Saude. Ba ta kiran sunansa, kasancewar shi ne mijinta na fari. "Baba, a tambayi mai hular, cokalin nawa ne ko na Bature? Don nawa guda ne, kuma na ƙirga shi."

A hanya ya yi mini bayanin dabarar. Ya ce a Yawuri Baturen yakan zauna a bayan jirgi, ya saki doguwar igiya, a ƙarshenta ga cokali mai walƙiya da ƙugiya. Ana tuƙa jirgin a hankali, cokalin yana juyawa cikin ruwa, babban kifi ya ɗauka ɗan kifi ne, ya kai cafka. Na ce dabara ce mai kyau, amma mutum nawa ne ke cikin gulbin lokacin da Baturen ke yi?

"Babu kowa. Wa za shi shiga ruwa Bature na ciki?"

Na ce, "To, ai nan ranar su ce."

Ya dube ni da tausayi. "Malam, kai dai tsaya ga allonka."

Ga wanda bai sani ba, tafkin a ɗaure yake duk shekara. Ba mai jefa ko zare sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe shi, can ƙarshen rani, kuma ranar kowa ke shiga gaba ɗaya. Mutane sukan zo daga Isa, daga Sabon Birni, har daga ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransi ke mulki. Kowa da ƙaton goransa da yake kwanciya a kai yana iyo, da homarsa, wato ragar kamun kifi, a hannu biyu. In an shiga, ba ka ganin ruwa sai kawuna. Kuma ƙa'ida ita ce, kifi na wanda ya fito da shi tudu ne.

Jirgi ne matsalar farko. Masunta ba su da bukatarsa a wannan tafki, don haka Sodangi ya samo wani tsohon kwale-kwale da ya daɗe da barin aiki, ana ba dawakin hakimi ruwa a ciki. Matuƙi ne ta biyu. Duk wanda ya san ruwa yana da nasa sun da zai yi. Sai ya samo Atiku, wani Bafulatani makiyayi da ya sauka da shanunsa a gefen tafkin, mutumin kirki wanda bai iya cewa a'a ba, bai kuma taɓa riƙe filafilin tuƙi ba.

"Ka iya kora shanu?" in ji Sodangi.

"Na iya."

"To, jirgi ya hi saniya sauƙi. Ba shi da ƙaho."

Ranar su, da hantsi, bakin tafkin ya cika maƙil. Na sami wuri kusa da Sarkin Ruwa. Saude tana gefe da mata, ta haɗa murhu tana jiran abin soyawa. Sai ga Sodangi, hula a ka, riga fara, ya ɗaga cokalin sama yana ƙyalli don kowa ya gani. Maƙeri ya huda masa shi ya sa ƙugiya mai kamar ta rataye nama. Ya kira wani makaɗin kalangu ya ce ya tsaya kusa, da zarar ya ji ya yi kira sai ya fara kirari.

Sarkin Ruwa ya yi addu'a, ya ɗaga hannu. Jama'a ta auka ruwa da ihu. Kafin a ce haka, ruwan da ke kore shar ya koma kamar kunun kanwa. Ko fitila ka tsoma ba mai ganinta, balle cokali.

Aka tura kwale-kwalen. Atiku ya riƙe filafili ta gefe ɗaya yana dukan ruwa kamar mai kashe maciji. Jirgin ya fara juyawa wuri guda.

"Gaba, Atiku! Gaba!"

"Ai gaba nike son shi tahi, shi ne ya ƙi!"

"Canza hannu!"

Atiku ya canza hannu, jirgin ya juya ta ɗaya gefen. Saude ta ce wa matar da ke kusa da ita, da murya yadda kowa zai ji, "Wanga tuƙin tuwo ne. Rabon da in ga an tuƙa wani abu da sunanai tun bara."

Da ƙyar suka miƙe. Sodangi ya zauna a baya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar yadda ya ga Bature na yi, ya saki igiyar rama mai tsawon gaske cikin tsakiyar mutane. Ba a jima ba ta yi nauyi.

"Ya ci! Makaɗi!"

Kalangu ya ɗauka. Sodangi ya ja, ya ja, sai ga homar wani mutumin Burkusuma, da mai ita a biye yana zagi. Aka kwance, aka ba da haƙuri. Aka sake saki. Ta sake nauyi, kalangu ya sake ɗauka. Wannan karon igiyar goran wani dattijo ta kama. Dattijon kurma ne, yana kwance a kan goransa, sai kawai ya ga yana tafiya baya baya ba tare da ya motsa ƙafa ba. Ya saki homa ya kama salati da ƙarfi, yana yafe wa duk wanda ya taɓa cutarsa.

Ana cikin haka ruwa ya fara shiga jirgin. Ashe akwai tsaga a ƙasansa, wadda laka ta toshe tun zamanin dawaki, yanzu ta jiƙe ta buɗe.

"Sodangi, jirginka na shan ruwa," in ji Atiku.

"Ya saba. Toshe shi!"

"Da mi?"

Sodangi ya duba, ba tsumma. Ya tuɓe farar rigarsa ya cusa a tsagar, ya taka da ƙafa. Ya rage daga shi sai hula sai wando, irin bujen nan mai faɗin gaske da matsattsen bakin ƙafa, wanda aka ɗinka masa na angonci.

Kamu na uku shi ne ya fi ƙarfi. Igiyar ta miƙe har tana kuka, jirgin ya tsaya cik. Sodangi ya miƙe tsaye. "Shi ne! Wallahi shi ne! Baba, a gyara wuri! Saude, ƙara mai!"

Makaɗi ya saki kirari. Sodangi ya ja da iya ƙarfinsa. Abin ya taso daga ruwa a hankali, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ya juyo. Jibrilla ne, wani ƙaton masunci mai ƙarancin magana, ƙugiyar ta kama shi a warkin fatar da ya ɗaura a gindi. Ya dubi Sodangi, ya dubi igiyar. Ya zaro wuƙa ya yanke ta, ya naɗe tsawonta duka a damtsensa, ya cire cokalin ya jefa cikin jirgin.

"Ga abin miyarka," ya ce, ya nutse.

Duk mai hankali da nan ya tsaya, ya ari homa ya nemi tarwaɗarsa. Na ga Sarkin Ruwa ma yana kallonsa da alamar zai karɓa. Na ɗaga murya na ce, "Sodangi, ko ƙarfasa ce kawo, za ni sa baki!"

"Malam, Bature bai taɓa kama ƙarfasa ba!"

Guntuwar igiyar da ta rage masa ba ta kai ruwa sosai. Ya duba hagu, ya duba dama, sai dabara ta zo masa. Ya zare mazagin wandonsa, dogo ne, saƙar hannu, mai ƙarfi. Ya ƙulla da guntuwar igiyar, ya ɗaura cokalin, ya naɗe ɗaya bakin a wuyan hannunsa na dama don kada wani ya sake ƙwacewa. Hannun hagu kuwa ya riƙe wando.

"Yanzu sauri nike so, Atiku. Cokali ba shi juyawa sai da sauri."

Atiku ya gaji, ya jiƙe, kuma ya fara jin haushin jirgin. Sai ya koma ga abin da ya sani. Ya daki gefen jirgin da filafili, ya buɗe murya ya yi masa irin kiran da yake wa shanu in yana son su taso, har da yin fito da baki.

Jirgin bai ji ba. Shanun suka ji.

Suna kwance a gefen tafkin suna tuƙa, suka ɗaga kai, suka ga mai su a tsakiyar ruwa yana kira. Wani farin bijimi mai ƙaho kamar rassan itace ya tashi ya shiga, sauran garken suka bi shi. Jama'a, na ga abubuwa a yawona, amma ban taɓa ganin garken shanu yana iyo cikin masunta ba. Goruna suka tarwatse. Mutane suna hawa kan juna. Wani na gani ya kama wutsiyar saniya da hannu ɗaya, bai saki homarsa ba. Dattijon nan kurma, da ya dawo hayyacinsa ya koma kan goransa, ya waiwaya ya ga ƙahoni, ya ɗora salati daga inda ya tsaya.

"Koma! Koma!" in ji Atiku, yana musu magana da Fulatanci. Da suka ji muryarsa suka ƙara sauri.

Bijimin ya zagayo ta bayan jirgin. Mazagin ya naɗe a ƙahonsa, ƙugiyar ta soke shi a kunne. Ya yi wani irin kuka ya juya ya nufi tudu.

Sodangi dai ya sami saurin da yake nema. Jirgin ya tafi da baya yana tsaga ruwa, Atiku ya kwanta a ciki ya rufe kai. Kuma ku ji ikon Allah, har a wannan hali Sodangi ihu yake, "Ya ci! Makaɗi, ina kake?" Makaɗin kuwa ya riga ya hau bishiya.

Jirgin ya bugi wani kututture ya tsaya. Sodangi bai tsaya ba. Ya tashi sama, ya kai hannun hagu ya dafe hula, kun kuwa san abin da hannun hagun ke riƙe da shi. Mutum ya yi gaba, wando ya yi baya. Bijimin ya ja shi ta cikin laka har kusa da gaɓa, daidai inda muke zaune, sannan mazagin ya tsinke. Sodangi ya tsuguna a ruwa iya wuya, hula a ka.

Shanun nan kuwa, a gudunsu, sun koro kifin tafkin gaba ɗaya zuwa lungu guda. Masunta suka daina zagi suka hau kwasa. Can sai muka ji ihu. Jibrilla ne ke fitowa yana jan wani abu mai nauyi yana bugun ruwa. Wandon Sodangi ne. Giwan ruwan, a ruɗewarsa, ya faɗa ta ƙugun wandon, ya cusa kai cikin ƙafa ɗaya, matsattsen bakin ya riƙe shi, ƙayoyin bayansa suka harɗe a zane. Ba gaba, ba baya.

"Nawa ne!" in ji Sodangi daga cikin ruwa. "Wandona ne! Dabara ce! Haka munka tsara tun farko, ku tambayi Atiku!"

Atiku yana can yana lallashin bijiminsa, bai ko waiwayo ba.

Sarkin Ruwa mutum ne mai adalci. Ya hana Jibrilla ƙarasowa tudu, ya ce ya ajiye kifin a bakin ruwa. Ya ce, "Kayan aikin nashi ne, ba mu musu. Kuma kifi bai kai tudu ba tukuna. Sodangi, ka ce da hannunka za ka aje shi gabana. Ga shi nan, ga ni nan. Taso ka kawo, ka tahi da matarka."

Kowa ya zuba wa Sodangi ido. Tsakanin kifin da ƙafar tsohon bai fi tsawon tabarma biyu ba. Amma a wannan ɗan tsakanin akwai surukinsa, da surukarsa, da matan gari kaf da murahunsu.

"A jeho mini wandon," in ji Sodangi.

"Da mai shi a ciki," in ji Jibrilla.

"Malam, ara mini rawaninka!"

Na kai hannu za ni kwance, Sarkin Ruwa ya dafa ni. "Malam, kai shaida ne. Shaida ba shi shiga su."

"Saude, ko ɗankwali!"

"Ɗankwalin ga Baba ya saya," in ji ta. "Wanda ka saya mini shi za ni jeho maka, in ka tuna inda yake."

Sodangi ya kai hannu ka. Sannan ya cire hular Bature, ya tsoma ta cikin ruwa, ya kare gabansa da ita da hannu biyu, ya taso a duƙe. Mata suka yi salati suka juya baya, suna leƙe ta ƙarƙashin hannu. Ya tako har gaban kifin. Ya saki hannu ɗaya ya kama wutsiya ya ja. Ko motsi. Kifin ya yi bugu ɗaya, hular ta karkace, ya yi maza ya mayar da hannun. Ya gwada turawa da ƙafa, kifin ya watsa masa laka a fuska. Abin a fili yake: kifin nan sai da hannu biyu, hular ma sai da hannu biyu.

Ya dubi kifi. Ya dubi Saude. Na rantse na ga ya fara sassauta yatsunsa daga hular, kuma na ga Saude ta daina dariya tana kallonsa. Sai surukarsa ta yi tari.

Sodangi ya juya ya zura da gudu ta cikin ciyawa. A nan ne ya tuna cewa hula ɗaya ce, kuma yanzu jama'a a bayansa suke. Ya mayar da ita baya, ya hangi mata masu ɗebo itace a gabansa, ya dawo da ita gaba. Haka ya tafi yana canzawa har ya ɓace, makaɗi yana raka shi da kalangu daga kan bishiya.

Jibrilla ya sunkuci kifin da wandon duka ya ajiye gaban Sarkin Ruwa. Aka tambaye ni abin da na ji a zaure, na faɗa, don ba yadda za ni yi. Auren ya ƙare. Ban daɗe ba ni ma na bar garin na yi arewa.

Shekaru suka tura, har na fara shakkar kaina. Nakan ba da labarin nan a zauruka, in ga mutane suna murmushi irin na girmama tsoho, sai in ce ko dai zazzaɓin Gatawa ne ya ƙara mini shanun da wandon. Don haka da hanya ta sake biyo da ni ta Turba, na nemi Saude. Na same ta ta tsufa, da jikoki, a gidan Jibrilla, wanda ta aura bayan idda. Na tambaye ta ko abin ya faru yadda nake tunawa.

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da wandon, ya koɗe, duk faci, an ɗaure bakin ƙafafunsa, an sa masa gewayen itace a ƙugu kamar homa. Ta ce Sodangi ya aiko a mayar masa, mahaifinta ya ce ya riga ya shiga kayan su. Tun daga shekarar Jibrilla ke shiga da shi kowace ranar buɗe tafki, kuma bai taɓa fitowa babu kifi a ciki ba.

"Malam," ta ce, tana kakkaɓe shi, "da wanga anka ɗaura mini aure da shi tun farko, da ban yi yaji ba."